Kafin ka sauya girman taya a motar tsere mai ja da ƙafa huɗu

A motar da ke ja da ƙafa biyu, in aka sa mata tayoyin baya masu ɗan tsayi, yawanci abin ba ya wuce ta sauya tsayuwa ko maleji ya riƙa yin ƙarya. A motar tsere mai ja da ƙafa huɗu, wadda za ka ga an rubuta mata AWD ko quattro ko 4MOTION a baya, lamarin ya fi haka nauyi. Subaru WRX STI, Mitsubishi Lancer Evolution, Nissan GT-R, Audi S4, Golf R da Porsche 911 Turbo duk ƙafafunsu huɗu a ɗaure suke da juna ta cikin ƙarfe. Abin da ƙafar gaba ta yi, ta baya tana jin sa nan take.

Giyabos da farfela da difarenshal ba ruwansu da faɗin taya, ba ruwansu da kyan rim. Abu ɗaya suka sani: sau nawa kowace ƙafa ta juya a kilomita guda. Muddin ƙafafun huɗu suna juyi yadda kamfani ya tsara, kana da damar sauya abubuwa da yawa. Da zarar lissafin nan ya goce, akwai wani ƙarfe a ƙarƙashin motar da zai riƙa biyan bambancin da zafi da gogayya, ko da kuwa miƙaƙƙiyar hanya kake bi.

Mataki na farko: san abin da ke tsakanin gabanka da bayanka

Idan mota ta sha kwana, ƙafar waje tana yin tafiya fiye da ta ciki, ƙafafun gaba kuma suna zagaye da ya fi na baya faɗi. Shi ya sa ake sa difarenshal, wato tarin haƙoran ƙarfe da ke barin ƙafa ɗaya ta fi ɗaya sauri ba tare da an katse mata ƙarfin inji ba. Mota mai ja da ƙafa huɗu tana da ɗaya a gaba, ɗaya a baya, sannan akwai na'ura ta uku a tsakiya mai raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Wannan ta tsakiyar ita ce ke fara shan wahala idan taya ta saɓa.

A motar tsere, ba a barin na'urar tsakiya sake. An ƙera ta ne ta yadda in ta ji gaba ya fi baya juyi, za ta ɗauka santsi ne, ta matse don ta hana. Ba ta da idon ganin cewa tayar ce ƙarama. Kamar shanun huɗa ne biyu a ƙarƙashin karkiya ɗaya, ɗaya mai dogon taku ɗaya gajere: garma za ta tafi, amma karkiyar da wuyan shanun ne za su faɗa maka.

Na'urorin iri-iri ne, kuma ba haƙurinsu ɗaya ba.

Akwai mai ruwan silikon, wadda ake samu a WRX mai giyar hannu, da Porsche 911 mai ja da ƙafa huɗu na samfurin da ake kira 996, da Lamborghini Gallardo. Faranti ne na ƙarfe a jere cikin rufaffen gwangwani mai cike da ruwa mai kauri. In gaba da baya suka saɓa, farantan suna yanka ruwan, ya yi zafi, na'urar ta riƙe. An yi ta ne don santsin 'yan daƙiƙoƙi. Ka bar ta tana yanka ruwan nan na sa'o'i a kan babban titi, ruwan zai dahu ya lalace, daga nan ko dai ta ƙame ta ƙi saki, ko ta mutu ta daina riƙewa. Yawanci kuma ba a gyara ta a gareji, sauyawa ake yi. A ganina ita ce mafi ƙarancin haƙuri a cikinsu.

Akwai Torsen, wadda Audi ya daɗe yana sa wa motocinsa masu inji a miƙe. Audi ya fito da quattro a 1980, Torsen ta shigo bayan 'yan shekaru, da rabon ƙarfi 50:50 tsakanin gaba da baya da farko, daga baya 40:60 a irin su RS4 na B7. Haƙora ne zalla, babu kwamfuta, kuma da yake difarenshal ce ta gaske tana jure ɗan bambanci fiye da mai silikon. Duk da haka gogayya ce aikinta, kuma gogayyar da ba ta tsayawa tana dafa mai, tana cin ƙarfe.

Sai masu farantan kuloci da kwamfuta ke matsawa. Haldex na yawancin Golf R da Audi S3 da TT na cikinsu, haka xDrive na BMW, da ATTESA E-TS na Nissan GT-R, wanda a tafiyar yau da kullum kusan duk ƙarfin baya yake turawa, sai in buƙata ta taso ya kai har rabi gaba. DCCD na STI ya haɗa biyu: haƙora masu rabon 41:59 a samfuransa na ƙarshe, da kulocin da ke kulle su. Waɗannan duk suna dogara ne da abin da na'urorin auna juyin ƙafa suka faɗa wa kwamfuta. Idan taya ta yi mata ƙarya, sai ta riƙa matsa kuloci inda babu dalili, farantan su riƙa gogar juna.

Buɗe littafin motarka ka ga wacce gare ka. In 'yar Kwatano ce ta zo ba littafi, ana samunsa a intanet da sunan motar da shekararta. Kada ka tsaya ga abin da dillali ya faɗa maka, domin suna ɗaya yakan rufe na'urori biyu: quattro na yawancin S3 Haldex ne, quattro na S4 kuwa wani abu ne daban.

Mataki na biyu: karanta gefen tayar, ka yi lissafi

Ɗauki 245/40 R18, girman da STI na 2008 zuwa 2017 da Lancer Evolution X suka saba zuwa da shi. Lamba ta farko, 245, faɗin tayar ne a milimita. Ta biyu, 40, ita ce ke ruɗa mutane: ba milimita ba ce, kaso ne. Tsayin gefen tayar kashi 40 ne cikin 100 na faɗinta, wato milimita 98. Ta uku, 18, faɗin rim ne a inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne, ka ga 457.2 ke nan.

Tsayin tayar daga ƙasa zuwa sama shi ne rim da gefe biyu: 457.2 da 98 da 98, ya ba ka 653.2. Ninka da 3.1416 ka sami kewaye, milimita 2,052. Raba kilomita ɗaya da wannan, za ka ga tayar tana juyi kusan sau 487 a kowace kilomita. Rubuta lambobin nan uku a takarda, su ne ma'auninka.

Yanzu gwada 245/45 R18, wadda a ido kusan ɗaya suke, kuma mai taya zai ce maka, "Alhaji, ai duk 18 ne, wannan ma ta fi jure rami." Gefenta 110.25 ne, tsayinta 677.7, kewayenta 2,129. Ta fi ta asali da milimita 77 a kowane juyi, kusan kashi 3.75 cikin 100. A kilomita ɗaya tana juyi sau 470. In ka sa irinta biyu a baya ka bar na asali a gaba, gaba zai riƙa wuce baya da juyi 17 zuwa 18 a kowace kilomita. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, juyi wajen 4,000 ke nan da na'urar tsakiya za ta haɗiye. Kuma wannan a bakin ƙafa ne. Farfela tana juyi kusan sau huɗu kafin ƙafa ta yi ɗaya, don haka abin da ke isa tsakiya ya ninka haka.

To nawa ne aka yarda da shi? Ƙa'idar da aka fi sani ita ce ta Subaru: kada kewayen tayoyin huɗu ya saɓa fiye da kwatan inci, wato milimita 6 da 'yan kai. A kan kewayen 2,052, wannan kashi 0.3 ne kacal cikin 100. Wasu kamfanonin sun ɗan fi sassauci, amma in ka riƙe na Subaru ba za ka yi nadama a kowace mota ba.

Ga inda abin yake ba da mamaki. Ba sai ka sauya lamba kafin ka karya wannan ƙa'ida ba. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin zane kusan milimita 8. Wadda ta ci ta koma 3 ta rasa milimita 5 a sama, 5 a ƙasa, tsayinta ya ragu da 10, kewayenta da kusan 31. Lamba ɗaya, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, amma bambancin ya kai kashi 1.5 cikin 100, ninki biyar na abin da Subaru ya yarda. Kowace milimita ɗaya ta zane tana daidai da wajen milimita 6 na kewaye. Saboda haka mutumin da ya saya sababbi biyu ya ɗaura a gaba, ya bar tsofaffi a baya, ya sauya girman taya ke nan ko da bai yi niyya ba.

Akwai ɗan sauƙi idan ƙafa ɗaya ce kawai ta saɓa: difarenshal na wannan gefen yana raba bambancin biyu kafin ya miƙa tsakiya, sai rabi ya isa can. Amma shi ma yana biya, musamman a irin STI da Evolution da difarenshal ɗinsu na gaba da na baya masu riƙewa ne. Motar kuma takan riƙa ja gefe in ka taka totur.

Mataki na uku: auna da hannunka

Lambar gefe suna ce kawai. Taya biyu daga kamfanoni biyu, duk an rubuta 245/40 R18, suna iya saɓawa da 'yan milimita, domin ƙa'idar ƙira ta ba da wannan rata. Har a kamfani ɗaya, samfuri da samfuri sukan bambanta. Don haka awo ya zama dole.

Fara da iska. Da safe, kafin motar ta yi tafiya, sa wa kowace taya iskar da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. Yi amfani da geji naka, kada ka dogara da na mai faci ko da bugun taya da ƙafa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana zama gajera, kuma wannan kaɗai yakan isa ya tayar da fitila a dashbod.

Sai ka nemi fili mai kwalta ko siminti, miƙaƙƙe, da alli. A kowace taya ja layi a gefenta daidai inda ta taɓa ƙasa, ka ci gaba da layin har kan simintin. Sa wani ya tuƙa a hankali, sitiyari a miƙe, kai kana tafe a gefe kana ƙirga juyin taya ɗaya. In ta cika goma, layinta ya dawo ƙasa daidai, ka ce ya tsaya. Zagaya ka duba sauran ukun. Wadda layinta ya wuce ƙasa ita ce ƙarama, wadda nata bai iso ba ita ce babba. Auna ratar da tef. Da yake juyi goma aka yi, bambancin milimita 6 zai bayyana a matsayin santimita 6, kusan faɗin yatsu uku. In ratar ta fi haka, ka wuce iyaka. Maimaita sau biyu ko uku, don karkacewar sitiyari kaɗan tana ɓata awon.

Na fi son wannan hanya a kan zagaya tef a jikin taya bayan an ɗaga ta da jak, domin tana auna tayar da nauyin mota a kanta, yadda take aiki a titi. Amma ga tayar da ba a ɗaura ba tukuna, tef ɗin ne kaɗai mafita: a hura ta a kan rim, a zagaya tef a tsakiyar zanen. Ƙaramin ma'aunin zurfin zane ma ba shi da tsada. Auna a wuri uku a faɗin tayar, ciki da tsakiya da waje, don motocin tsere sukan cinye gefen ciki alhali waje na nan kamar sabo.

Mataki na huɗu: wane irin sauyi kake nufi?

Idan duk huɗun za ka sauya zuwa girma ɗaya, a motar da ta zo da huɗu iri ɗaya, na'urar tsakiya ba za ta ji komai ba. Tasirin yana komawa wasu wurare. Taya mai tsayi tana tsawaita kowace giya. Da 245/45 ɗin nan, ƙarfin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan kashi 4 cikin 100 a kowace giya, tashin motar ya yi nauyi, kuloci kuma ya ƙara aiki wajen tashi daga tsaye. Maleji zai nuna 100 kana kan kusan 104, kuma lissafin kilomitocin da kake dogara da shi wajen juyen mai zai riƙa zama ƙasa da gaskiya. ABS, wato na'urar hana birki ƙame taya, da na'urar hana sulɓewa an saita su ne a kan girman asali. Sannan akwai gogar madigadi in ka karya sitiyari har ƙarshe ko ka faɗa rami. Masu taya sukan ce kada a wuce kashi 3 cikin 100. A motar tsere ni ba na son a wuce 1 zuwa 2.

Sauyin da ya fi tsafta shi ne wanda rim ya sauya amma tsayin taya bai motsa ba. Subaru da kansa ya yi haka: STI na 2018 a Amurka ya koma 245/35 R19, tsayinta 654.1, bambancin da bai kai milimita ɗaya ba da 653.2. Rim ya ƙaru da inci, gefen taya ya ragu, lissafi ya zauna.

Mu a hanyoyinmu, juya wannan dabara ya fi amfani. Taya mai siririn gefe ba ta shiri da rami: gefen ya kumbura, rim ya lanƙwashe. Wannan ne ke tura mutane ga 245/45 R18. Abin da ya dace shi ne a rage rim a ƙara gefe. 245/45 R17 tsayinta 652.3 ne, kusan daidai da ta asali, amma gefenta ya ƙaru da milimita 12 na roba da iska tsakanin rim da bakin rami. Sharaɗin shi ne rim 17 ya wuce kan birki. Manyan birkin Brembo ba kowane rim suke karɓa ba, don haka a gwada ɗaya a ƙafar gaba, a juya shi da hannu, a leƙa ratar da ke tsakaninsa da birkin kafin a biya kuɗin huɗu.

Ƙarin faɗi kuma nasa lissafin daban. Tunda gefe kaso ne na faɗi, in ka ƙara faɗi ka bar lamba ta biyu, tsayi ya ƙaru: 255/40 R18 ta kai 661.2, ƙarin kashi 1.2. In ka je 265/35 R18 ka sauko 642.7, ragin kashi 1.6. Bayan wannan akwai abin da ba a cika faɗa ba. Taya mai faɗi da roba mai danƙo tana kama ƙasa sosai, kuma mota mai ja da ƙafa huɗu dama ba ta cika murza taya ba. A motar ƙafa biyu, in ka saki kuloci da ƙarfi, taya ce ke sulɓewa ta sha bugun. A nan ba mai sulɓewa, sai bugun ya bi ta kuloci, haƙoran giya da shaf. Masu tsofaffin WRX mai giya biyar sun daɗe da sanin wannan. Rim mai nauyi shi ma yana ƙara wa birki da shokabzoba aiki, kuma rim ɗin da ya turo taya waje fiye da kima, ko faifan da ake sakawa a bayansa don ya fito, yana ɗora wa boris nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba. Lambar ET da ke bayan rim ita ce ke nuna wannan. Na STI mai inci 18 ET55 ne, kuma gwargwadon nisanka da lambar asali, gwargwadon wahalar boris.

Sai motocin da suka fito daga kamfani da tayoyin baya da suka fi na gaba faɗi. A nan ne aka fi yin ɓarna, domin mutum yana ganin kamfani ma ya bambanta su, sai ya ɗauka kowane bambanci halal ne. Dubi GT-R na R35, wanda ya fito a 2007: gaba 255/40 R20, tsayi 712, baya 285/35 R20, tsayi 707.5. Faɗi ya saɓa da milimita 30, amma tsayi da kashi 0.6 kawai, kuma gaba ne ya fi. Porsche 911 Turbo na 997 kuwa gaba 235/35 R19 ne, 647.1, baya 305/30 R19, 665.6. Baya ya fi da kusan kashi 3 cikin 100, kuma da saninsu suka yi, an tsara haƙoran gaba da kwamfutar a kan wannan rata. A irin waɗannan motoci abin kiyayewa shi ne ratar da kamfani ya sa. Raba tsayin baya da na gaba a girman asali, ka yi haka ga sabon girman da kake so, amsoshin biyu su zo kusan ɗaya. Wanda ya ce zai "daidaita" 997 Turbo da taya huɗu masu tsayi ɗaya, ɓata ta ya yi.

Motar da ta zo da huɗu iri ɗaya kuma, irin STI ko Evolution ko Golf R, ban ga dalilin faɗaɗa mata baya ba. Ko ka dace da tsayi, ka ƙara mata halin tura hanci waje a kwana, ka kuma rasa damar juya tayoyi gaba da baya.

Mataki na biyar: a wajen mai taya

Saya huɗu tare, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Duba lambar nauyi da harafin gudu da ke bin girman, misali 97Y: 97 na nufin kilo 730 a kowace taya, Y kilomita 300 a sa'a, W 270, V 240. Kada ka sauka ƙasa da abin da ke takardar ƙofa. Wasu kamfanonin suna da tambarin kansu a jikin tayar da suka gwada: N na Porsche, tauraro na BMW, AO na Audi, MO na Mercedes. A motar da ke da ratar gaba da baya, wannan tambari ya cancanci kuɗinsa.

Duba shekarar taya. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar su ne mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta daɗe a ajiye cikin zafi robarta takan bushe ko da zanenta cike yake.

Tayar gwanjo ita ce babbar jarabawa, don kuɗin sababbi huɗu na irin wannan girma ba wasa ba ne. Matsalarta a nan ita ce da wuya ka sami huɗu masu tarihi ɗaya. Za a jero maka su, a wanke, a shafa musu baƙi, a ce, "Oga, saiti ne, mota ɗaya aka cire su." Wataƙila gaskiya ne. Ka sa ma'aunin zane a kowacce, ka karanta samfuri da shekara, ka sa a hura su a zagaya tef. In sun saɓa fiye da milimita ɗaya a zane, a canza wadda ta fita daban, ko ka haƙura.

Mataki na shida: bayan an ɗaura

A yi balansin, a duba alaimen, a ɗaure noti da sifana mai awo. Subaru na zamani 120 Nm yake so, kowace mota da nata. Maimaita gwajin alli. Daga nan ka je fili, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali hagu da dama, gilashi a sauke. Lafiyayyar mota tana zagayawa sumul, ko da ɗan gurnani kaɗan a masu difarenshal mai riƙewa. In ka ji tana turjewa, tana tsalle-tsalle kamar an ɗan taka birki, ko taya na kartar ƙasa, akwai abin da ya ƙame a tsakiya. A STI ka tabbata DCCD yana kan AUTO kafin gwajin, don in ka kulle shi da hannu dole ta turje.

Sai ka hau babban titi na rabin sa'a, ka saurari kuka ko gunji da ke ƙaruwa da gudu. In ka tsaya, sunkuya ka shaƙa: ƙaurin man giya da ya ƙone ba ya ɓuya. Dashbod ma yana magana. Subaru masu giyar otomatik suna ƙyafta fitilar AWD idan tayoyi sun saɓa ko iska ta yi ƙasa sosai, motocin Nissan ma suna da irin wannan gargaɗi, STI kuma yana da fitilar zafin man difarenshal na baya. Kada a cire fitila da kwamfutar kanikawa a ce an gyara.

Daga nan abin da ya rage shi ne riƙe daidaiton. Juya tayoyi gaba da baya duk bayan kilomita 10,000 ko ƙasa da haka, don gaba yakan riga baya cinyewa. Masu kibiya a gefe ba sa tsallaka hagu da dama, gefensu suke zama. Masu ratar gaba da baya ba sa juyuwa, sai dai ka riƙa auna zane, ka sauya su kafin ratar ta yi nisa.

Ranar da ɗaya ta fashe

Wannan ita ce ranar da aka fi karya duk abin da ke sama. Ƙaramar safaya ta kai ka wajen gyara ce kawai, a ƙasa da kilomita 80 a sa'a, kuma littafin wasu motocin ya faɗi ƙafar da za a sa ta, ko abin da za a kashe kafin a tafi. Ba ta tafiyar Kano zuwa Abuja ba ce.

In ƙusa ce a tsakiyar zane, faci daga ciki ya wadatar, kuma ya fi maka sayen sabuwa ɗaya. In gefe ne ya yage, tayar ta tafi. Auna sauran ukun. Idan ba su ci fiye da milimita ɗaya ba, sabuwa irinsu sak za ta zauna. Idan sun kai rabi, zaɓinka biyu ne: huɗu sababbi, ko ka nemo ta hannu mai samfuri ɗaya da zurfin zane ɗaya. A nan ne kaɗai nake ganin tayar gwanjo ta fi sabuwa. A Amurka akwai shagunan da ke aske sabuwar taya da inji har ta yi daidai da sauran, in kana da mai aiko maka kaya daga can, ana iya yin odar ta a aske.

In kuma motar ta ƙi tafiya gaba ɗaya, kada a ɗaga gabanta a ja ta da ƙafafun baya a ƙasa. Wannan shi ne bambancin juyi mafi muni da za a iya yi mata, gaba a tsaye cik, baya na gudu, kuma 'yan kilomitoci sun isa su ƙone na'urar tsakiya. A nemo motar ɗauka mai shimfiɗaɗɗen baya, a ɗora ta duka huɗu a sama. Motar da ta riga ta yi tafiya mai nisa da tayoyin da suka saɓa kuwa, bayan an gyara tayoyin a juye man giyabos da na difarenshal da na Haldex in tana da shi, a duba abin da ya manne a maganaɗisun notin juyewa. Laushin baƙin gari kaɗan ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da kake ji a yatsa yana nufin a buɗe a duba kafin a sake hawa titi.